Tukunyar da Aka Tafi Ɗaukowa

Duk layin, Inna Mai Sabulu ake ce mata, kuma kowa ya san ba a yi mata magana in sabulu ya fara kauri a kan wuta. Tsayawa take yi ƙiƙam da muciya a hannu, kunne a buɗe, kamar mai jiran sallama.

A gindin wani dutse mai aman wuta aka haife ta, can ta yi aure. Mutanen wurin sun raina dutsen nan, raini na gaske. In ya tashi, narkakken dutse ne ke gangarowa ruwa-ruwa, a hankali, sai a naɗe katifa, a kora awaki, a yi gaba ana hira. Har tsiya ake yi, wai duk wanda wutar ta cim ma barci ya yi a hanya.

Wata shekara abin ya ƙi gangarowa. Ya yi kauri, ya taru a bakin dutsen, ya toshe shi. Hukuma ta kwashe mutane zuwa wata makaranta a nesa, suna tafe suna dariya, wai dutse ya tsufa.

Mijinta tela ne. Suna makarantar, da hantsi ya zura takalmi zai koma ƙauyensu.

"Bari in ɗauko keken ɗinkina," in ji shi. "Wutar da ta kasa tafiya ce za ta kama ni?"

"To malam, tunda ka yi niyya, haɗo min da babbar tukunyata."

"Ke dai ba kya gajiya da aike."

Haba, ita da take dafa sabulu tun tana yarinya! Ta san in yana ruwa-ruwa tururi fita yake salin-alin, in ya yi kauri kuwa sai ya riƙe shi a ciki, ya yi tsit, sannan ya fashe a fuskar mutum. Ga tabon nan a hannunta. Amma wallahi ranar bai faɗo mata a rai ba, sai da ƙasa ta girgiza, sama ta yi baƙi ƙirin da tsakar rana. Toka ta binne ƙauyen har rufin kwano.

Yanzu ta tsufa, a 'yar ƙaramar tukunya take dafa sabulu, ta sauke ta sake ɗorawa, bayanta na ciwo. Kwanaki 'yarta ta gaji da gani.

"Inna, don Allah bari in saya miki babba."

"A'a, bar shi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Babanku ya tafi ɗauko min tawa."