Wasiƙu Uku Daga Abijan

Shekarun baya da ɗan dama, tun salula ba ta shiga ƙauyukanmu ba, aka tura ni koyarwa wani ƙauye can bayan Karofane, a ƙasar Buza. Aikina na farko ke nan. Ina da wando biyu, da bik ja na duba rubutun yara, da girman kan da zai ishi mutum uku. Yau idan aka gabatar da ni wurin horon malamai aka ce ga gwanin koyar da karatu, sai in sunkuyar da kai, don na san inda gwanintar ta samo asali.

Yadda aka koya mana haka muka koyar. In buɗe littafin Faransanci in karanta layi, yara su maimaita da ƙarfi, gobe a sake, har matan da ke daka bayan lakkwal, wato makarantar, sun haddace wasu shafukan. Cikin yaran akwai wata yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa. Da ta ga hoton da ke saman shafi sai ta zubo shi daga farko har ƙarshe, yatsanta yana bin layi. Kullum ita ce ta ɗaya. Ranar da ansifekta ya zo daga Buza ita na tayar, ya yaba, ni kuma na yi kwana uku ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro boko.

Mahaifinta ɗan ci-rani ne. Da an kai hatsi rumbu sai ya tafi Abijan talla, sai gab da damina ya dawo. Wani da ya yi yaƙi da jahilci ne yake rubuta masa wasiƙa can, da Hausar boko, direbobi su kawo Madawa, ranar kasuwa wani ya iso da ita gari. Matarsa takan kawo mini in karanta, yarinyar tana tsaye gefe tana ji. Duk wasiƙun kusan iri ɗaya ne: gaisuwa mai yawa, ina nan lafiya, a gaida wane da wance, a kula da ragon da na bari.

Wata rana bayan azahar ina kishingiɗe, na gaji da zama mai karatun gari, sai ga matar da sallama, yarinyar tana biye da ita.

"Mushe, ga takarda ta zo." Haka ake kiran malamin boko a can, aro daga Faransanci.

Ko tashi ban yi ba. Na ce, "Haba baiwar Allah, kina da rijiya cikin gida kina yawon roƙon ruwa? Ɗiyakki ita ad ɗaya ga kilas. Ba ta ta karanta miki."

Ta yi dariyar jin daɗi ta juya. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa Mushe da bakinsa ya ce ɗiyarta ta iya. Yarinyar ta yi mini wani kallo kafin su fita, na ɗauka kunya ce.

Wasiƙa uku suka zo ranin nan, ban tambayi ko ɗaya ba. Ruwa ya sauka, ƴan ci-rani suka dawo, shi bai dawo ba. Wani mutumin Azarori ne ya kawo jakarsa da rediyonsa, ya ce shi dai an ba shi saƙo, an ce ciwo ne, an rufe shi can. Mutanen gari suka ce lalle ciwon farat ɗaya ne, tunda har wasiƙarsa ta ƙarshe lafiya lau yake. Aka yanka ragon aka yi masa sadaka.

Da matar ta fita takaba sai ta zo mini da wasiƙun a ƙulle cikin leda. Ta ce, "Mushe, karanta min in ƙara jin maganatai. Yarinya tun rasuwa ba ta ko son taɓa su."

Na fara bi da ido kafin in buɗe baki. Ta farko ta ce zazzaɓi da tari sun hana shi fita talla. Ta biyu ta ce a sayar da rago a ba ƙanensa kuɗin ya hau mota ya zo ya ɗauke shi, jikin ya ƙi. Ta uku layi uku ce kacal: "Na ji shiru. In na yi muku laifi ku yafe mini. Ko ba ku zuwa, ku aiko da amsa."

Na ɗaga kai. Yarinyar tana bakin ƙofa riƙe da zana, idonta a kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Gaisuwa mai yawa, ina nan lafiya, a kula da rago." Haka na yi wa duka ukun. Matar ta share hawaye ta ce, "Haka ɗiyata tac ce," ta sa mini albarka ta tafi. Na gaya wa kaina yarinyar nake rufa wa asiri. Gaskiya kaina na rufa wa.

Washegari da aka tashi na tsayar da yarinyar. Na rubuta kalma ɗaya a kan ɗan allon ardwaz, "rago", na miƙa mata. Ta juya allon, ta dubi sama inda hoto ya saba zama, sannan ta ce, "Mushe, wane shafi na?" Daga nan sai kuka.

"Ni dai abin da nij ji kana hwaɗi shi nika hwaɗi. Inna ta gaya ma kowa na iya. Mi anka rubuta ciki, Mushe?"

Na kasa gaya mata. Na ce zan koya mata ta karanta da kanta, alhali ni kaina ban san yadda ake koyar da shi ba. Na gwada sauran yaran da rubutun da ba su taɓa gani ba, waɗanda suka iya ba su cika banci ɗaya ba. Shekara biyu ina kiwon aku ina karɓar yabo.

Na ajiye girman kai na riƙa zuwa Madawa kowace Asabar wurin wani tsoho da ya daɗe yana koyar da manya yaƙi da jahilci. Da na ba shi labarin yadda nake yi, sai ya ce, "Kai ɗan nan, waƙa kaka koya musu." Shi ya nuna mini a fara da sautin harafi, a haɗa shi da ɗan'uwansa, cikin harshen da yaro yake jin yunwa da shi. Na koma na fara daga tushe, ra da go, da yaran da suka yi shekara biyar a lakkwal.

Bayan wata biyar yarinyar ta zo mini da ledar nan. Na ce ta bari sai ta ƙara girma. Ta ce, "Na babana na." Ta zauna ta fara, gaɓa bayan gaɓa, wannan karon yatsan da gaske yake tafiya. Ta kai "ku sai-da ra-go" ta tsaya, ta koma ta sake. Ba ta yi kuka ba. Ta karanta ta ukun har ƙarshe, ta ninke su, ta fita ba sallama. Na yi ta jiran ranar da ɗalibata za ta yi karatun gaske, ranar ta zo, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Ita da kanta ta gaya wa mahaifiyarta. Matar ta zo ana tsakar darasi, ta tsaya bakin kilas, ba ta ɗaga murya ba.

"Mushe, ita yarinya ta, tsoro taj ji. Kai da kas san baƙi, ka dubi idona kak karanta min ƙarya. Bawan Allah ya mutu shina zaton mun ƙi shi."

Ba ta cire yarinyar daga lakkwal ba, amma har na bar garin ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Daga baya na samu horo, aikin ya zama sana'ata. Yanzu ina zagaya makarantun Madawa da Buza da Keita ina duba yadda ake koyar da karatu. Har yau in na ji aji yana rera shafi baki ɗaya da daɗin murya, sai in tsayar da su. Malamai suna cewa na cika tsanani, ban musa ba. Akwai wata ƴar takarda da na rubuta da hannuna, ba hoto, kullum tana aljihuna. Duk ajin da na shiga sai in ce a nuna mini na ɗaya, in miƙa masa. Layi ɗaya ne a ciki: "Ba ni da lafiya, ku zo ku ɗauke ni." Sai in tsaya in ga ko fuskarsa za ta canza.