Keken Ɗinkin Inna da Mai Shagon Waya

Shekarun baya, ina karatun kasuwanci a Ƙaura, mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta don ta sayi keken ɗinki. A Zurmi take, ɗinki ne sana'arta, tsohon kekenta kuma ya mutu ana saura wata guda sallah, ga atamfofin mutane jibge a ɗaki.

Ni sarkin iyawa na hana ta aika kasuwa. Na nuna mata wani mai shago a Shinkafi da ke tallar kaya a waya, ya sa hoto ya rubuta "sabo dal a kwali". Muka biya, ya ba direba.

Da keken ya iso, sai ga tsoho an shafe shi da baƙin fenti, ko zare ba ya ja. Wallahi ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na kira mutumin, ya ce ai ya rubuta a shafinsa kaya in sun fita ba su dawowa, kuma cinikin waya sa'a ne. Inna ta ce a bar shi da Allah, ta fara shirin mayar wa mutane ɗinkinsu.

Ni kuwa na ƙi. Akwai darasin dokar saye da sayarwa da na sha da ƙyar, ranar na kakkaɓe littafin. Ashe wanda ya sayar da abu bisa siffantawa, dole abin ya zo yadda ya siffanta, a rumfa ne ko a waya. Kawuna malami ya ce a shari'a ma wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayarwa.

Na hau mota har Shinkafi da keken, na sami shugaban 'yan kasuwarsu, na nuna hoton tallar da na adana. Ya sa aka kira mai shagon. Dattijon ya dubi mai shagon ya ce, "Kai ka rubuta sabo?" Ya sunkuyar da kai. Nan take aka sa shi ya canza mini da sabon keken ɗinki, aka kai mini shi har tasha a keke napep.

Inna ta gama ɗinkin mutane ana jajibiri. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, balle yabo. Sai na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ya kawo yadinsa in ɗinka mashi."

Na sa riguna da yawa tun daga nan, amma har yau ban sa wadda ta kai wannan ba.