Takardar Hausa a akwatin wasiƙunmu na Soundview

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Soundview da ke Amurka ni da iyalina, an yi wani abu da har yau in na tuna shi ba na iya cewa ga mai gaskiya ga mai laifi. Aikin lodin kaya nake yi a lokacin, a wajen filin jirgin sama, can wata unguwar birnin da ake kira Jamaica. In na dawo da yamma sai na tsaya a ƙasan bene na buɗe akwatin wasiƙarmu, in kwashi takardar wuta da ta asibiti kafin in hau sama.

Wata rana na buɗe sai ga wata takarda ruwan ɗorawa, an ninke ta siririya an cusa ta 'yar kafar da ke jikin murfin. Ba kan sarki, ba sunan wanda ya aiko. Har na nufi kwandon shara da ita sai idona ya faɗa kan Hausa. Tun zuwana Amurka ban taɓa ganin Hausa a buge a cikin akwatina ba. Rubutun irin na mutanen Nijar ne, inda muke sa harafi ɗaya su sa uku. Abin da ta ƙunsa kaɗan ne: duk wanda ba shi da takardun zama, ko aka kama masa ɗan'uwa, kada ya ji tsoro, ya kira wannan lamba, akwai mafita.

Lokacin kuwa ba a daɗe da canjin gwamnati ba, maganar kamen baƙi marasa takardu ta cika gari. A benenmu ko mai kawo abinci ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ka ji gida ya yi tsit. Da aka fara tambayar juna sai aka gane ba kowa aka saka wa takardar ba, akwatunan mutanenmu kaɗai aka bi, 'yan Gana da 'yan Nijar da mu 'yan Najeriya. Wannan shi ya fi tayar wa mutane da hankali, domin alama ce cewa akwai wanda ya san mu ƙofa-ƙofa.

Bayan sallar Juma'a kowa da tasa fassarar. Wasu suka ce tarkon hukuma ne, kana kira an sami lambarka. Wani direban tasi ɗan Gana ya ce shi ya kira, kuma mutumin kirki ne ya ɗauka. Abokina ɗan Nijar, wanda ke sayar da turare da tabarau a bakin titin 125 a Harlem, shi ya fi kowa zafi. Irin waɗannan masu cike takardu sun taɓa ɓata masa fayil, har lokacin bai gama gyarawa ba. Ya ce 'yan damfara ne, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rubutun na mutanen ƙasarsu ne.

Sai ga mai kula da ginin, wanda muke ce wa supa, ya tare ni da takardun cike da hannunsa. Ya ce akwatunan nan ba nasa ba ne, ba kuma na mai gida ba ne, hakkin gidan waya ne, kuma laifi ne a dokar ƙasa wani ya saka abin da ba kan sarki a ciki. Ya ce shi bai iya karanta yaren ba, ni na iya. In abu ne mai cutarwa in faɗa masa, ya ba ni hoton kamarar da ke ƙofar shiga in kai gidan waya.

Haka maganar ta faɗo kaina. Dalili kuwa ni ne mai takardu, ban daɗe da zama ɗan ƙasa ba, don haka a ganin maƙwabta ni ne zan iya tsayawa gaban hukuma ba tare da tsoro ba. Ba su san cikina ba. Abokina kullum sai ya kira ya tambaya ko na je. Matata kuma ta tsaya a ɗaya gefen.

"Malam, kai da ƙafarka za ka jawo mana masu yunifom cikin gidan nan?" in ji ta. "In sun zo neman mai takarda, ka tabbata shi kaɗai za su tambaya?"

Ban tabbata ba. Na ce bari in kira lambar da kaina in ji. Don tsabar jarumta, da wayar wani abokin aikina na kira a lokacin hutun cin abinci, ni mai fasfo ɗin Amurka a aljihu. Wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka, ya gaishe ni har da tambayar iyali, bai ambaci kuɗi ba. Ya ce irin wannan magana ba a yin ta a waya, in zo ofishinsa, nan Jamaica yake. Na ajiye wayar na fi da rikicewa. Na so a ce ya yi min maganar banza, da na huta.

Ranar Asabar da safe na ɗaura niyya na tafi gidan waya da takardar a aljihu. Na bi layi ina ta maimaita Turancin da zan yi. Da layi ya zo kaina, matar da ke bayan gilashi ta tambayi abin da nake so, sai na ji bakina ya ce kan sarki. Na dawo gida da kan sarkin da ba ni da wasiƙar da zan manna wa. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin ya daina zama na dariya da abokina ya gaya min wata matashiya mai jego a hawa na biyu tana shirin kai wa mutumin fasfonta. Sai na sauka wajen supa na ce kafin komai ya nuna min hoton. Muka zauna a ɗan ɗakinsa na ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida, yana ta tura hoton gaba. Ina jiran in ga wani ƙato da hular sanyi. Sai ga Mama.

Wata dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi da ke hawa na huɗu, kowa Mama yake ce mata. Aikin kula da tsofaffi take yi, kuma duk sallah sai ta aiko mana da shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji. Ga ta nan da hijabinta da silifas, tana ninke takarda ɗaya bayan ɗaya a natse, tana duba lambar akwati tana cusawa. Supa ya dube ni ya ce shi ma yana ganin girmanta, amma in mai gida ya ji, zai yi murna, domin ya daɗe yana neman dalilin fitar da tsofaffin 'yan haya.

Da la'asar na hau wajenta. Muka gaisa, ta dafa min shayi, na rasa ta inda zan fara. Da na ciro takardar ba ta ɓoye komai ba. Ashe ɗanta da ta ce mana ya yi tafiya, kama shi aka yi a wajen aiki, watanni ke nan yana tsare a wata jiha. Kunya ta hana ta gaya wa kowa. Mutumin da lambarsa ke kan takardar ne ya karɓi maganar, ya ce ba sai ta biya ba, ta dai taya shi raba takardunsa. Ba ta yi karatun boko ba, amma ta san lambar ƙofar kowa.

Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta. Ta gyaɗa kai ta ce ai babu mugun abu a ciki, ita ma da ta ga irinta da wuri da ba ta kwana tana kuka ita kaɗai ba. Sai na yi mata bayanin dokar akwatin, da maganar kamara, da cewa mutane na matsa min in kai ƙara. Ta ajiye kofin da ke hannunta ta ce:

"Ɗana, in ka kai ƙarar, wa za su zo nema? Ni ko shi?"

Fuskarta ce a hoton, ba tasa ba. Na ce, "Mama, ban sani ba." Iyakar gaskiyata ke nan.

Na yi tunanin in na ga mutumin ido da ido zan gane. Bayan tashi daga aiki na nemi ofishin, saman wani shagon sayar da waya. Mutum ne mai tsabta da ladabi, bango cike da takardun shaida da ban san darajarsu ba. Da bakinsa ya ce shi ba lauya ba ne, cike takardu yake yi, ya haɗa mutane da lauyoyi. Game da akwati kuma ya ce hannu da hannu ya ce Mama ta riƙa bayarwa. Ita kuwa daga baya ta ce bai taɓa faɗa mata haka ba. Ina zaune wani ya shigo yana ta yi masa godiya kamar zai durƙusa. Ina saukowa na haɗu da wani a matattakala yana huci, yana cewa shekara ta zagayo ba a yi masa komai ba. Na fito titi ban ƙaru da komai ba.

A ƙarshe ban kai ƙara ba. Na karɓe sauran takardun daga hannun Mama, na gaya wa supa ba za a sake ba, shi ma ya bar maganar a nan. Na roƙi liman ya yi sanarwa cewa kada kowa ya miƙa fasfonsa ga wanda ba lauya ba, kuma na raka Mama wajen wasu lauyoyi masu aiki kyauta da masallacinmu ya sani. Abokina ya yi fushi da ni na tsawon lokaci, ya ce tausayin mutum ɗaya ya sa na rufa wa ɓarawo asiri. Mai jegon nan kuwa duk da sanarwar sai da ta je wajen mutumin. Maganarta ta yi ta jan ƙafa har muka bar unguwar, ban san ko laifinsa ne ko yanayin lokacin ba. Shekara ta gaba na bi ta wajen ofishin na tarar an mayar da shi shagon aski.

Na kan so in ce abin ya koya min wani darasi da zan ba ku, amma ban sami mai tsabta ba. Da na kai ƙara, wataƙila da an tsayar da mutumin, wataƙila kuma da Mama ce kaɗai za ta kwana a ciki. Abokina har yau in mun haɗu sai ya tayar da zancen, kuma ba na iya ce masa ya yi kuskure.

Da sanyi ya shigo aka saki ɗan Mama a kan beli. Lauyoyin sun shigar da takarda, mutumin ma ya ce ya shigar da tasa tun farko, ba wanda ya iya gaya min wacce ta yi aiki. Mama dai ba ta da shakka. Ta yi girki ta tara mu a falonta, ɗan nata na zaune a gefe ya rame, yana ta murmushi. Bayan an ci abinci ta ɗaga hannu ta fara addu'a, ta kama sunan mutumin nan tana roƙa masa albarka, shi da zuriyarsa, hawaye na zuba. Abokina na kusa da ni, hannuwansa a kan gwiwa, bakinsa a rufe. Mama ta buɗe ido ta dube ni tana jira.

Na ce amin. Abokina ya juyo ya kalle ni, ni kuma na ci gaba da kallon tafin hannuna.