Kunyar Juya Wuya a Gaban Babba

A lokacin da abin nan ya faro, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, kuma ni ne farkon wanda ya yi digiri a gidanmu. Gidan malamai ne, a cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Mahaifina bai hana ni boko ba, amma ranar da na samu aiki abu ɗaya ya ja mini kunne a kai, cewa kada takarda ta sa in ɗaga wa na gaba da ni kai. Na riƙe maganar, wataƙila fiye da yadda shi ya nufa. Ni dama mutum ne mai tsoron kuskure. Idan na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon, idan na rubuta wasiƙa sai na karanta ta sau uku kafin in sa hannu.

Aikina a wani ofishin gwamnati shi ne rubuta bayanin taro da tsara wasiƙu da hannu kafin a kai wa mai tafireta. Hannuna yana da kyau, yana kuma da sauri, don haka duk taron da za a yi ni ake kira. An haɗa ni ɗaki ɗaya da babban akawu, dattijo ne, abokin mahaifina tun suna makarantar allo, Baba nake ce masa. Teburinsa yana fuskantar nawa. Nawa gajere ne, kujerar kuma doguwa, saboda haka daga ƙarfe takwas har a tashi kaina a sunkuye yake. Idan Baba ya yi magana sai in ƙara sunkuyawa. Ban taɓa tunanin in nemi a canza mini teburin ba, gani nake kamar raini ne sabon zuwa ya fara da ƙorafi.

A shekara ta biyu wuyana ya fara ciwo. Wani zafi ne yake tasowa daga ƙeya ya gangara kafaɗar dama, da la'asar kuma sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Na sha ƙwayoyi, mahaifiyata ta sa wanzami ya yi mini ƙaho, na samu sauƙin kwana biyu ya dawo. Daga ƙarshe na je asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka tura ni sashen gashi da motsa jiki. Wata ma'aikaciya ce ta duba ni, za ta girme ni da shekara goma. Ta gasa mini wurin, sannan ta ce gashin nan daɗi kawai zai yi mini, maganin yana hannuna. Ta zana mini abubuwa huɗu a takarda: in ja haɓata baya in ƙirga goma, in juya kai dama da hagu a hankali, in kai kunne wajen kafaɗa, in mirgina kafaɗu baya. Ta ce duk bayan awa ɗaya, a kan kujerar aikin, in kuma tara tsofaffin fayiloli in ɗora takardata a kai don in daina duƙawa. Na tambaye ta ko ba zai yiwu in riƙa yi a gida safe da yamma ba. Na sake tambaya ta wata hanyar. A karo na uku ta yi dariya, ta ce mini Malam, awa bakwai nake ɗauka ina ƙulla ciwon a ofis, ba zan kwance shi da minti biyar a zauren gidanmu ba.

Washegari na gwada. Na jira har Baba ya nutsa cikin karatun wani fayil, na miƙe zaune, na ja haɓa baya, na fara juya kai a hankali. Ina kaiwa hagu sai na ga ya sauke gilashinsa yana kallona. Ya tambaye ni lafiya dai, ko wani sabon wuridi ne aka koya mana a jami'a wanda ba a yi a gidan Malam. Daidai lokacin masinjanmu ya shigo da shayi, tsohon soja ne mai barkwanci, ya ce ai wannan fareti ne, Alhaji, sai dai yaron bai iya ba, idan an ba shi izini zai fitar da ni fili ya koya mini ido dama, ido hagu yadda Turawa suka koya musu. Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Na ce ba komai, Baba, na mayar da kaina ƙasa. Takardar asibitin tana aljihun rigata, da na fito da ita magana ta ƙare. Amma a tunanina na lokacin, in nuna masa ita daidai yake da in ce masa sunkuyawar da nake yi a gabansa ce take sa ni ciwo. Kafin azahar rabin ofishin suna kirana Ido Dama.

Daga nan na yi abin da mai ɗan ilimi yake yi idan yana neman hujjar gudu. Na je laburare na nemo wani littafin likitanci, na karanta cewa laka ta wuya take bi, kuma rauni a wurin yana iya kwantar da mutum. Littafin a kan waɗanda suka yi haɗarin mota yake magana, na ga hakan, amma na ce wa kaina ai gara a yi taka-tsantsan. A hanyar gida na tsaya wajen wani mai kemis a Tukur-Tukur, na ga kwalar wuya irin ta soso a rataye. Gaskiya bai cuce ni ba. Ya ce mini mako ɗaya ake sa ta, in ya yi yawa biyu, a kuma cire a riƙa motsa wuyan. Na ce to.

Ranar da na shiga ofis da kwalar, komai ya sauya. Wanda ya kira ni Ido Dama jiya, yau sannu yake yi mini. Baba ya tashi da kansa ya duba, ya yi mini addu'a, ya ce me ya sa ban faɗa ba abin ya kai haka. Kwalar ta riƙe mini kai sama, kuma babu wanda zai ce girman kai ne, tunda kowa yana ganin dalili. Zafin ya ragu a makon farko. Ranar da aka ba ni in koma asibiti ta zo, ban je ba, don na san ma'aikaciyar nan za ta tambaye ni takardarta. Mako biyu ya wuce, na cire kwalar da safe, kafin hantsi wuyan ya fi da ciwo, na mayar. Na ɗauka hakan yana nufin ina bukatarta. Na ce bari watan ya ƙare. Watan ya ƙare na ce bari a sha ruwa, aka sha ruwa na ce bayan Babbar Sallah. Na daina hawa babur saboda ba na iya waiwaye a lungunan birni. Idan zan yi sallama a sallah, ƙirjina gaba ɗaya nake juyawa. Wata goma sha huɗu na yi a haka, kuma ba zan ce ina baƙin ciki ba. Ba na jin komai ne kawai. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ana yi mini sannu ina amsawa.

Wajen wata na goma sha ɗaya babban yatsana na dama da manuni suka fara yi mini kamar tururuwa na tafiya a ciki. Daga baya tururuwar ta daina, sai in taɓa kofin shayi in rasa ko da zafi ko babu. Ban gaya wa kowa ba. Kullum sai in ce bari in ga yadda zai yi zuwa Juma'a. Wata uku ina ganin Juma'a. Ranar da asirin ya tonu ana taro ne a kan sauya wa ma'aikata wuraren aiki, mutum goma sha wani abu a ɗakin, ni ina rubutu, idona yana kan shugaban taron tunda kwalar ba ta barina in duba ƙasa sosai. Sai wanda yake gefena ya taɓa ni, ya nuna mini birona a ƙasan tebur. Ban san lokacin da ya faɗi ba. Hannuna yana ta tafiya a kan takarda, rabin shafin fari tas. Shugaban ya ce in karanto abin da aka yanke a kan mutum uku na ƙarshe. Na duba shafin, na ce a gafarce ni, Yallaɓai. Babu wanda ya yi faɗa. Bayan mako ɗaya aka mayar da ni ɗakin ajiye fayiloli, aka ce don in huta. Na kwashe kayana a kwali, na gaishe da Baba, na fita.

Da na koma asibiti ita ɗin na tarar. Ta duba katina, ta duba ni, ta zagayo ta ɓalle kwalar da kanta. Kaina ya yi rawa, sai da ta tallafe shi da hannu biyu kamar na jariri. Aka sake hoto, likita ya ce wata jijiya ce ta matsu a wuyan. Ina so in yi adalci a nan, don ban san komai tabbas ba. Ba ta ce lalle da na yi motsin da hakan bai faru ba, ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Abin da ta ce shi ne kwalar ta sa naman wuyan ya yi barci har ya manta aikinsa, kuma wata ukun da na yi shiru da yatsun sun fi komai damunta. Na tambaye ta ko jin zai dawo. Ta ce wani zai dawo, wani wataƙila, Allah ne masani. Ta sake zana mini takardar, abubuwan nan huɗu dai, ta ƙara biyu.

A ɗakin fayiloli na yi su, duk awa, ƙofa a buɗe. Wata shida wuyan ya saki, na koma hawa babur. Babban yatsan ya dawo rabi. Manunin bai dawo ba. Wata rana, ana saura kaɗan Baba ya yi ritaya, ya shigo neman wani tsohon fayil ya same ni ina juya kai. Wannan karon na fito da takardar na miƙa masa, na gaya masa tun ranar farko tana aljihuna. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce haba ɗan Malam, da na ce masa magani ne ai da shi zai riƙa duba agogo yana tuna mini, wace irin kunya ce ake yi da ciwo. Sannan ya ce in nuna masa ta kafaɗar, shi ma tasa ta daɗe tana damunsa. Na nuna masa. Na zaci zan yi kuka, ko in ji haushi, amma babu ko ɗaya. Aka kira la'asar muka tafi tare.

Ba na zargin tarbiyyar gidanmu, babu wanda ya ce in cutar da kaina. Ni ne na ɗauki tsorona na sa masa sunan ladabi, na kuma ɗauki jinkiri na sa masa sunan taka-tsantsan. Abin da zan iya faɗa wa masu zaman tebur irina, ba a matsayin likita ba, shi ne idan an ba ku motsin da za ku yi, ku yi shi a inda aka ce, ku gaya wa na gaba da ku dalili, kusan kullum zai fahimta. Kada ku sa kwala fiye da kwanakin da aka ƙayyade, kuma idan yatsa ya fara mutuwa, a ranar za ku je asibiti. Ba a sake kirana rubuta bayanin taro ba, kuma ban ga laifinsu ba. Editan da zan aika wa rubutun nan zai ga ya karkace a wurare, a yi haƙuri. Kwana huɗu na yi ina rubuta shi, don duk bayan layi biyu sai na tsaya na duba ko biron yana hannuna.