Ranar da surukina ya zama mudir

A garinmu ba a kama sunan suruki, don haka tun da na zauna a gidan 'yata a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, "uban yara" nake kiran mijinta. Bai taɓa kuka da shi ba sai da aka ɗora shi kan leburori a wani sito a Khumra, aka ba shi makulli da riga mai ƙyalli.

'Yata ta same ni ina tsince shinkafa. "Inna, ya ce daga yau ki riƙa kiransa mudir, musamman gaban baƙi. In ba haka ba, wai ɗakinki zai mayar ofis."

Ba ni da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ba ni da wani ɗakin a duk Jidda. Na ci gaba da tsince shinkafata.

Ban yi boko ba, amma sunayen manya sun wuce ta kunnena da yawa. Maigida namu ne, shi ne wanda in ka kwanta ciwo zai zo ya tsaya a kanka. Oga direbobin Kudu suka kawo mana, kowa ya zauna gaban mota ya zama oga. Kafili kuwa na nan ne, yana riƙe da takardarka, ba ya riƙe da sunanka. Mudir, wato manaja, a bakin Larabawa na tsince shi, kuma a Bab Makka na ji ana kiran mai gadin banɗaki da shi.

Na ce mata, "Halas, shi ke nan, zan kira."

Ranar Juma'a abokansa suka cika falo. Na leƙo.

"Mudir, gas ya ƙare, a ɗauko tukunya."

Ya ɗauko. Ya zauna ke nan na sake leƙowa.

"Mudir, ƙaramin ya ɓata wando, uwarsa na wanka."

Wani baƙo ya ƙware da shayi. Daga ranar ban sake kiransa a banza ba. Shara, mudir. Kyankyaso a kicin, mudir. Har yaran suka ɗauka, suna "yalla mudir, ɗaure mini takalmi."

Ba a jima ba 'yata ta dawo, tana danne dariya da mayafi.

"Inna, ya ce don Allah ki koma uban yara."

"Ofis ɗin fa?"

"Ya ce ɗakin ba ya samun iska."

Ina cikinsa har yau. Iska kam tana shiga.