Tagogin Ranar Juma'a

Linus ya dawo Tudun Wada bayan yaƙin basasa da akwatin ƙarfe ɗaya da matarsa Agatha. Ya iske wasu a ɗakin da ya bari, sai ya kama haya a bayan kasuwa ya shiga gyaran risho. Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birni. Ga tsabtar tsiya, ko goro ka miƙa masa sai ya dubi hannunka.

A 1977 kuɗi sun yi yawa a gari, kowa na gini, kowa kuma tagar alminiyam yake so. Alhaji Nagoda ɗan kwangila ya sayo injin fenti daga Turai. Garin fenti ake fesa wa firam ɗin taga, a sa shi a wuta ya narke ya kama. Ni Kailani aka naɗa foman, wai don na yi sakandare. Linus kuma aka ɗauka aka ba shi wankin firam, shi ke cire maiƙo da ruwan magani, domin ko ɗigon mai ya rage fenti ba ya zama.

Sai aiki ya soma ɓaci jefi-jefi. Firam ya fito da 'yan ramuka kamar tabon agana, ka sa farce fenti ya ɓare. Alhaji ya tambaye ni dalili. Wayyo bakina! Ban duba komai ba na ce, "Ai wankin ne, Alhaji." Ya rantse in aka sake, mai wanki zai kama gabansa.

Magana ta kai kunnen Linus. Ya canza ruwa, ya canza tsumma, ya tsiyaye tankin iskar injin fenti. Da abin ya ƙi, sai ya riƙa karce ranar aiki da ƙusa a bayan kowane firam. Bayan sati huɗu ya ja ni gefe.

"Malam Kailani, duk waɗanda suka lalace na Juma'a ne, bayan masallaci."

Na hayayyaƙo masa. "Me kake nufi? Juma'armu ce ke ɓata fenti?"

"Haba Malam! Dubi nan."

Shatin babban yatsan hannu ne ɓaro-ɓaro a jikin fenti, da layi a tsakiya. Tabon wuƙa ne, tun ina yaro yake a yatsana. Duk Juma'a nakan mulke tafin hannu da turaren mai. In na dawo, sai in bi wankakkun firam cikin babbar riga ina shafawa kamar mai taya shadda, don dai a san foman na nan.

Ya ce, "Ni ba zan faɗa ba. Kai ne babba, kai za ka gaya masa."

Na ce to, gobe. Goben ba ta zo ba. Ran Litinin aka dawo da tagogin wani gida a unguwar Hanwa, duk sun kwaile. Alhaji ya tara ma'aikata ya kori Linus a gaban kowa. Linus ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa, wallahi, hannuna na cusa a aljihu.

Ya koma gyaran risho, a kai ya tsufa, da shi ya yi wa 'ya'yansa huɗu makaranta. Bai taɓa gaya wa kowa ba. In na bi ta rumfarsa shi ke fara gaishe ni, har ya miƙo hannu, ni ko in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga ranar na daina shafa turare, fenti kuma bai sake ɓarewa ba. Wata biyu bayan nan Alhaji ya dafa kafaɗata yana murna ya ce, "Ka gani? Tun da muka kori mai wankin nan aiki ya gyaru."

Na ce, "Haka ne, Alhaji."