Maƙalu Uku na Mahadi Jibo

A makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi a Tsafe aka kawo mana Mahadi Jibo, 'yan watanni bayan an ba mu jihar Zamfara. Siriri ne mai ɗan sanƙo, ba ya ɗaga murya ko a cikin aji. Aka ba shi darasin ilimin halittu, aka kuma haɗa mu ɗaki ɗaya a gidajen malamai, domin iyalinsa suna Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ni kuma nawa suna Gusau. A wannan zama na san shi. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, kaɗan-kaɗan, don ba mutum ne mai son ba da labarin kansa ba.

Su biyu ne maza a wurin mahaifinsu, shi da wansa Dogo. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, tsohon ya ce ɗaya zai bayar, ɗaya ya riƙe masa fartanya. Dogo ne ya zauna a gona. Bayan rasuwar uban ma shi ya ci gaba da noman gyaɗa da dawa, ya ɗauki nauyin karatun ƙanensa har jami'a.

Da Mahadi ya gama digirin farko, wani farfesa ya riƙe shi a ɗakin gwaje-gwajensa. Ciwon daji na hanta suke bincike a kai, wanda ke ɗauke maza da yawa a ƙasar nan tun ba su yi furfura ba. Ya taɓa yi mini bayanin aikin wata rana muna shan rake a ƙofar ɗaki. Ya ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani ɗan yanki na gado wanda aikinsa gadi ne: in ƙwayar ta fara lalacewa, shi ke hana ta hayayyafa. Akwai kuma guba da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. In gubar nan ta daɗe tana shiga hanta, takan raunata mai gadin, kuma kusan kullum a wuri ɗaya take yi masa lahani. Aikin Mahadi shi ne ya karɓo 'yan gutsattsarin hanta daga likitocin tiyata, ya duba ko wannan lahani yana nan a jikin mutanenmu. Ya same shi a da yawa daga cikinsu.

Daga wannan aiki aka buga maƙalu uku a mujallun masana na ƙasashen waje. A ɗaya daga ciki sunansa ne a farko. Yana tsakiyar digirin digirgir abubuwa suka rikice. Aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe jami'a, wutar lantarki ta ɗauke, ba wanda zai zuba wa janareta mai. Da aka buɗe ya je ya ɗaga murfin firjin da ya tara samfuran shekara da shekaru, wari ne ya tarye shi. Farfesan ya sami aiki a ƙasar waje ya tafi. Mahadi ya yi ta jira ko za a dawo da aikin, har ya gaji. Da aka ce sabuwar jiha tana neman malamai, ya tattaro littattafansa ya dawo gida.

Ɗalibai suna kiransa Dakta. Kullum sai ya gyara musu, ya ce, "Malam dai. Ban ƙarasa ba."

Makarantarmu ba ta da madubin duba ƙwayoyin halitta ko ɗaya mai aiki, don haka da alli yake zana komai. Ranar kasuwa kuwa yakan zagaya wurin masu gyaɗa, ya ɗebo a hannu, ya ware waɗanda suka yi baƙi ko suka yamutse, ya roƙi mutane su daina ci. Suna saurarensa da ladabi. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ce masa, "Malam, waɗanga da ka ware su nika iya saye. Masu kyan ai na masu hali ne." Ya dawo ɗaki ranar bai ci abinci ba.

A daminar 1998 ya tafi Rawayya hutun ƙarshen mako, ya dawo fuskarsa a sauye. Na tambaye shi lafiya. Ya ce Dogo ne ba ya jin daɗi, ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, mutanen gida suna cewa shawara ce, ana ta ba shi saƙe-saƙi. Sannan ya ce, "Usman, na sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Kamar dutse. Na san abin da na taɓa."

Na raka su asibiti a Gusau, don ina da ɗan babur kuma na san gari. Likitan ya duba Dogo, ya sa aka ɗauki hoto, sannan ya ja Mahadi gefe. Ba su daɗe ba. Abin ya riga ya cinye hantar, ba batun tiyata, sai dai maganin rage zafi.

Muna fitowa sayen maganin ne wani mutum mai tabarau ya fito daga mota ya ƙwala wa Mahadi kira. Manu ne, wanda suka yi aiki tare a ɗakin gwaje-gwajen nan, ya bi farfesan ƙasar waje, yanzu shi ma ya zama babban malami a can. Ya zo gida duba mahaifiyarsa. Ya rungume Mahadi yana dariya, ya ja mu inuwar wata bishiyar dalbejiya.

"Kai, ka san abin da ka zama kuwa?" in ji Manu. "Maƙalar nan taka, wadda sunanka ke farko. A can akwai kundin da ake tara duk wanda ya kafa hujja da aikin wani. Na duba kafin in taso. Ayyuka sama da ɗari biyu sun ambace ka. Daga Sin, daga Faransa, daga Amurka. Duk wanda zai yi magana a kan wannan guba da hanta a Afirka ta Yamma sai ya bi ta kanka. Ni da nake da maƙalu fiye da ashirin, babu wadda ta kama ƙafar taka."

Mahadi yana riƙe da ledar magani. Ya ce, "Sama da ɗari biyu?"

"Wallahi. A wani taro har tambayata aka yi ko M. Jibo yana wace jami'a. Na rasa abin da zan ce."

"Ka ce musu yana Tsafe."

Manu ya yi dariya, ya ga Mahadi bai yi ba, ya tsaya. Mahadi ya tambaye shi a hankali, ba da gatse ba, da gaske yake son ya sani: "A cikin ɗari biyun nan, akwai wanda ya gano yadda za a gyara abin in ya riga ya lalace?"

Manu ya ce ana kan hanya, amma da saura.

"Wana yana ciki a kwance," in ji Mahadi. "Ciwon nan ne."

Manu ya cire tabarau ya yi salati. Ya shiga ya gai da Dogo, ya daɗe a tsaye a bakin gadon. Kafin ya tafi ya ce wa Mahadi akwai gurbi a ɗakin bincikensu, zai yi masa hanya ya zo ya ƙarasa digirinsa, farfesa ma zai yi murna. Mahadi ya yi godiya, ya ce bari a ga yadda jikin Yaya zai yi.

Aka mai da Dogo Rawayya. Na je duba shi wata Juma'a da hantsi, na same su a zaure, Dogo a jingine da bango, cikinsa ya kumbura, hannuwan nan na manomi sun koma kamar kara. Bayan mun gaisa ya dubi ƙanensa, bai damu da ina wurin ba.

"Mahadi, likita bai gaya mini komi ba. Kai kuwa an ce wanga ciwo shi ka yi shekaru kana karatu. Gaya mini gaskiya."

Mahadi ya sunkuyar da kai. "Yaya, rai na hannun Allah."

"Na san wannan tun ba a haife ka ba. Abin da ka karanta nika tambaya."

Sai ya gaya masa. Ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba shi da magani a nan, ba shi da magani a Turai. Dogo ya tambaya ko zai ga girbi. Mahadi ya ce yana sa rai, amma ba ya jin zai ga wata damina.

Dogo ya jinjina kai. Can ya ce, "Gyaɗar da kake ta faɗa muna, ita ce?"

"Ba zan iya rantsuwa ba, Yaya. Akwai wasu dalilan."

"Mai kyan muna kai wa kasuwa, ragowar mu ci. Haka muka taso." Ya ɗan yi murmushi. "To, alhamdu lillahi. Ko ba komi, na san sunan abin da zai kai ni. Baba bai san nashi ba."

Hajjo, matar Dogo, tana bayan asabari tana ji. Da muka fito ta tare Mahadi a tsakar gida, idonta jawur. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Malam, duk shekarun da ya yi yana noma kana karatu, abin da ka kawo mishi ke nan? Suna?" Mahadi ya wuce ya raka ni. A hanyarmu ta zuwa bakin titi ya ce mini ba ta faɗi ƙarya ba.

Dogo ya ga girbi. Har ya sa aka fito da shi a kan tabarma ya kalli yadda ake ɗaure dammunan dawa. Ya rasu kafin azumi, ya bar Hajjo da 'ya'ya bakwai, babbar ba ta gama firamare ba, da tsohuwar mahaifiyarsa da ido ya fara gazawa, da gonakin da ba wanda zai shiga.

Manu ya cika alkawari. Ya aiko da saƙo sau biyu ta hannun ƙanensa a Gusau cewa gurbin yana nan. Na matsa wa Mahadi ya tafi. Na ce shekara uku ce kawai, in ya dawo zai fi iya riƙe gidan. Ya saurare ni har na gama.

"Wa zai yi noma shekara ukun?" ya tambaye ni. "Yaya bai ce mini in jira ba lokacin da nake bukata."

Na san yana so. Akwai ranar da na shigo ɗaki na same shi ya baza maƙalun nan uku a kan katifa yana karantawa, yana gyara wani abu da fensir a gefen shafi, a takardar da aka buga shekaru da suka wuce. Da ya gan ni ya ce akwai gwajin da ya kamata su ƙara, ya daɗe yana tunaninsa, ya tabbata yanzu wani ya riga ya yi. Sannan ya mayar da su cikin akwati.

Ya nemi a sauya masa wurin aiki zuwa Bunguɗu don ya riƙa kwana a gida, aka yi masa. Daga nan haɗuwarmu ta yi wuya.

Rabona da shi tun farkon daminar 1999, a tashar mota a Gusau. Yana jiran a ɗora masa buhun taki a kan motar Bunguɗu. Ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Ya ce da safe yana aji, da yamma yana gona, bayansa na ciwo don bai saba ba, maƙwabta suna yi masa dariyar yadda yake riƙe garma. Mahaifiyarsu ta makance gaba ɗaya. Hajjo ta fara yi masa magana. Ya tambaye ni 'yan aji shida na Tsafe, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wa ya ci jarrabawa, wa ya faɗi. Na gaya masa har yanzu ba a turo wanda zai maye gurbinsa ba. Ya ce in gaya wa shugaban makaranta kada a bar yaran haka, ko malamin aikin gona ne a ba shi ajin ya riƙe kafin a samu. Direba ya yi hon, ya ba ni hannu, ya tattare rigarsa ya shiga baya ya zauna a kan buhun.